Sunayen da Ake Faɗa wa Ruwa

A kasuwar Agadas in ka tambayi Alkasum sai a yi ta kallon juna. In kuwa ka ce Mai-allura, ko makaho zai kai ka rumfarsa, can bayan masu sirdin raƙumi. Shekara goma sha tara ke nan da ya shigo garin a bayan wani ayarin gero, ba jaka ba guzuri, kuma tun daga ranar bai gaya wa kowa abin da ya koro shi daga kudu ba. Mutanen Agadas ba su matsa masa ba, sun saba da baƙin da suka bar labarinsu a hanya. Suka ga hannunsa ya san zare, suka riƙa kawo masa wuyan riguna yana yi musu aiki. Da ya daɗe suka ba shi mata, Balki, ƴar wani mai ɗinkin salka.

Abu biyu ne ba daidai ba game da shi. Na ɗaya, ba ya cin kifi. In masu bandar kifi suka iso daga kudu da kwandunansu, sai ya sake hanya. Wannan kowa ya sani, har tsokanarsa ake yi da shi. Na biyun Balki kaɗai ta sani: kullum tabarmarsa a jiƙe take wayar gari. A garin da za ka wanke riga ta bushe kafin ka gama alwala, tabarmar mutum ɗaya tana tashi da laima, tana warin taɓo da ciyawar bakin ruwa. Balki takan ɗauka ta shanya a kan katanga ba ta ce komai ba. Shi ma yakan ga ta shanya ya kau da kai. Haka suka yi shekara goma sha biyu.

To, a shekara ta biyar da samun ƴancin kai, zamanin Diori, wani Anasara na Tarbo, ma'aikatar da ke gyaran hanyoyi da gine-gine, ya ɗauko wata rigima da ba wanda ya aike shi. Shekara biyu kafin nan ya datse wani kwari a bayan Dabaga da ginin dutse don masu lambu su sami ruwan rani. Ruwa ya tsaya, ya yi zurfi. Mutane ba su wahalar da harshensu da sunansa ba, Mushe Baraji suke ce masa, wato Malam mai madatsa a Faransancinsu. Shi kuwa mutumin nan kamun kifi ne ciwonsa. Wai a ƙasarsu akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ke zama a ruwan sanyi, ba a kama shi da tana, sai an ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kamar ƙwaro, a jefa bisa ruwa, kifin ya taso ya haɗiye. Wancan kifin ba zai rayu a nan ba, don haka ya sa aka ɗauko masa ƴaƴan karfasa daga kudu cikin tano-tano, gangunan ƙarfe, aka zuba. Suka hayayyafa. Sai ya sanar cewa ranar feti, bikin jamhuriya na sha takwas ga Disamba, za a yi gasa a barajin: sanda da zare da ƙwaron gashi, ba tana, ba koma. Wanda ya fi kamawa daga hantsi zuwa azahar ya tafi da radiyo.

Mutanen gari suka yi dariya suka koma harkarsu, ban da mutum ɗaya. Chaibou, ƙanen Balki, shi ke tuƙa kamiyon Tarbo. Ya yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, kuma Faransancin da ya kwaso a shekaru ukun nan bai bar kowa ya huta da shi ba. Da ya ji duk masu shiga gasar Anasaru ne da ma'aikatan da aka turo daga Yamai, sai ya ce wallahi ba a yi a ƙasar Ayar ba ɗan gari, ya sa aka rubuta sunansa.

Wata ranar Litinin ya faɗo rumfar Alkasum da wata doguwar sanda a kafaɗa da ɗan akwatin gwangwani a hannu.

"Mijin yaya, aje rigar nan, aikin gwamnati ya zo."

"Gwamnati ta rasa ɗan aike sai kai?" in ji Alkasum, bai ɗaga kai ba.

"Duba dai, mon vieux. Mushe ya ara mini na kwana ukku. Irinsu nika so ka ɗaura mini guda goma, tun da kai zare ba ya yi maka gardama."

Ya buɗe akwatin a kan tabarma. Ƙananan ƙugiyoyi ne jere, kowace sanye da gashi, wata ja, wata shuɗiya, wata da fukafukai kamar na gaske. Alkasum ya ga ƙugiya, abin da rabonsa da gani shekara goma sha tara, sai allura ta suɓuce masa. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hasken rana. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Karfasa ba ta cin wanga."

Chaibou ya buɗe baki. "Kai da ko warin kihi ba ka so, ina ka san abin da kihi ka ci?"

"Na ji ana faɗi," in ji Alkasum. Ya mai da ƙugiyar wurinta da sauri.

Da ya ƙi aikin a nan da an huta. Amma hali zanen dutse ne, kuma abin da ya fi ƙarfinsa shi ne ya ga za a yi aikin ruwa ba daidai ba. Ya ce wa Chaibou in ya sake bi ta Dabaga ya tsaya bakin ruwan da hantsi, ya duba abin da iska ke zubarwa a kai, ya kwaso masa cikin kwalin ashana. Bayan kwana biyu kwali ya zo. Ƴan ƙananan fara ne kore, irin waɗanda ke tashi daga alkamar masu lambu, da wata ƴar malam-buɗe-littafi mai launin toka.

Alkasum ya ture rigunan mutane gefe. Ya sayo gashin zabuwa wurin masu kaji, ya roƙi gashin jimina ɗaya wurin masu ƙawata hula, ya warware koren alharini daga cikin nasa. Ya kafa ƙugiya a bakin wani ɗan itace da ya tsaga, ya naɗa mata alharini har ta yi ciki, ya kwantar da gashin zabuwa biyu a bayanta, ya bar zare biyu na jimina suna reto a madadin ƙafafu. Da ya zo ɗaure ta a zaren fatsa, bai yi tunani ba, yatsunsa suka yi wani ƙulli mai juyi huɗu da ba na maɗinka ba. Ya tsaya yana kallon ƙullin. Ubansa ne ya koya masa shi, yana ɗan shekara shida, a cikin jirgi.

Daga ranar abin ya bar tabarma ya biyo shi kasuwa. Zaren da ya rataya a rumfa ya riƙa yin laima. Allurai uku suka yi tsatsa a cikin kwalinsu, a Agadas, cikin rani. Kuma da rana tsaka, in kasuwa ta ɗan lafa, sai ya riƙa jin wani sauti a bayansa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar gorar da ba komai a cikinta tana bugun wani abu a kan ruwa. Ya juya, ba komai sai bangon laka da jakin maƙwabci. Ya tambayi mai sirdin da ke kusa ko ya ji wani abu. Mutumin ya ce shi dai cikinsa yake ji.

Da la'asar kuwa tsakar gidan Balki ta zama filin koyo. Aka ajiye tasa a gindin katanga, Chaibou ya tsaya taku goma sha biyar yana wurga zare wai ya sauke ƙwaron a ciki. Ranar farko ya kamo ɗankwalin yayarsa daga kanta. Rana ta biyu ya kamo kunnen akuyar maƙwabta, aka sha fama da ita da mai ita. Balki ta ce in da akuya ake gasar, radiyo ya riga ya zo gida. Alkasum na zaune a inuwa yana ɗaure ƙwari, yana kallo ta gefen ido, yana cije baki. A rana ta huɗu haƙurinsa ya ƙare. Ya tashi ya karɓi sandar, ya ce ba da kafaɗa ake yi ba, ba jifan kare ba ne. Ya kaɗa wuyan hannu sau ɗaya. Zaren ya miƙe cikin iska, ƙwaron ya sauka tsakiyar tasa ko ƙara bai yi ba. Wannan karon Chaibou bai yi tsokana ba. Balki da ke tankaɗe ta daina, ta daɗe tana kallon mijinta.

Ga abin da ba su sani ba. Alkasum ɗan Sarkawa ne, masunta, daga wata tunga a bakin kogin Kwara, gangaren Gaya. Ubansa ne Sarkin Ruwan tungar. Kowace shekara in kogi ya janye yakan bar musu wani babban gurbi cike da kifi, kuma ba mai taɓa shi sai Sarkin Ruwa ya buɗe. Yadda suke yi a tungarsu, ana gobe su, wato ranar da kowa zai shiga kamun kifi, sai ya shiga shi kaɗai har ƙirji, ya yi bisimilla, sannan ya kira sunayen duk mutanen gidansu da ruwa ya taɓa ci, ɗaya bayan ɗaya, daga na fari har na ƙarshe, don ruwa ya tuna ya riga ya ci daga gidan nan, ya ƙyale masu rai. Malaman gari sukan yi gunaguni a kan al'adar, amma kifin ba su taɓa mai da shi ba.

A shekarar da Alkasum ya cika ashirin da huɗu, ya ƙwallafa rai shi zai fito da giwan ruwa na farko ranar su. Ya lallaɓi ƙanensa Lukumanu su shiga tun ana saura kwana biyu, su gano inda manyan ke kwance. Lukumanu ya ce ba a buɗe ba. Alkasum ya ce masa matsoraci, ruwan ubansu ne. Suka kwanta bisa gorunansu da sassafe suka kutsa. A tsakiyar gurbin Alkasum ya juya zai yi masa magana, sai ya ga gora ita kaɗai tana juyawa. Ya nutsa, ya sake nutsawa, har jini ya fito masa ta hanci. Bai taɓa ko gashin kansa ba.

Da ya ji muryoyin mutane suna tahowa, tsoro da kunya suka kai shi cikin ciyawar burgun ɗaya gaɓar, ya laɓe, ruwa har wuya. Aka tsinci gora biyu suna bugun juna. Ubansa ya tsaya a gaɓa yana kira, don a wurinsu ana kiran wanda ya nutse har ruwa ya sako gawarsa. Ya kira Lukumanu, ya kira Alkasum. Ya yini yana yi, har muryarsa ta dushe. Alkasum yana ji, tsakaninsu bai fi jifa biyu ba, bai amsa ba. Da aka watse ya fito ta baya ya nufi arewa, duk garin da ya isa sai ya tambayi inda ya fi nan rashin ruwa, har aka nuna masa Agadas. Ya kashe ƙanensa da bakinsa, ya bar iyayensa suna kukan ƴaƴa biyu. Tun daga ranar sunan Lukumanu bai sake fita daga bakinsa ba.

Ana saura kwana uku feti, ranar Laraba, Chaibou ya shigo gida yana gangaro da wani baƙin abu, tumbin ƙafar kamiyo wanda ake hura wa iska, shambur. Ya hura shi ya yi tim.

"Bon, ku saurara," in ji shi. "Gobe ni ka kai kujeru da tutoci baraji. Ba kowa can sai ni. In hau wanga in shiga tsakiya, in gano inda manyan suke. Ran Asabar Anasaru na nema, ni na riga na sani."

Alkasum ya ji ƙwal, ƙwal ɗin nan a cikin kunnensa, kusa ƙwarai.

"Ba ka shiga," ya ce.

"Don mi?"

"Ba a buɗe ruwan ba."

"Buɗe? Ƙofa gare shi? Mushe ya gina shi da siminti, mijin yaya, ba aljani ko guda a ciki, na ga takardun." Ya yi dariya ya buga shambur ɗin da tafin hannu. "Tsoron ruwa kaka ji, shi ya sa ba ka cin kihi. Yau na gane."

Ya ɗauki abinsa ya fita yana fito. Alkasum ya zauna da ƙugiya a hannu, bai san ta shige masa yatsa ba sai da jini ya ɗiga a kan gashin zabuwa.

Balki ta ajiye rariya ta zo ta durƙusa kusa da shi. Ba ta saba yin haka da rana ba.

"Malam, shekara sha biyu ina shanya tabarmarka ban tambaye ka ba. Gumi ba ya warin taɓo, na sani tun daren farko. Ban san wa ka biyo ka ba, in ba ka so kuma ba sai na sani ba. Amma Chaibou shi ɗai gare ni. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga na kwatarniya ne, ni na yi mai wankan. Ka san wani abu, na gani a hannunka. In ka bari ya tahi shi ɗai, ba ni yafe maka."

Alkasum ya zare ƙugiyar daga yatsansa. Sannan ya gaya mata, duka, a taƙaice, da muryar da ba ta san shi da ita ba. Ƙanena, ƙanena yake ta cewa, ya kasa faɗin sunan. Balki ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce Allah ya riga ya ƙaddara ba, ko da yake ya so ta ce. Ta yage bakin zanenta ta ɗaure masa yatsan.

"To ka tahi ka yi aikin gidanku," ta ce.

Ranar Alhamis da safe Chaibou ya tarar da shi tsaye kusa da kamiyo, lulluɓe da bargo. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Suka bi gefen kwarin Telwa, rairayi fari fat ba ɗigon ruwa, goriba na wucewa dama da hagu, kujerun gwamnati na ta faɗa da juna a baya. A Dabaga suka ratsa lambuna, shanu na jan guga, itacen rijiyoyi na kuka. Daga nan hanya ta shige tsakanin duwatsu baƙaƙe. Da hantsi suka iso.

Alkasum ya yi zaton ɗan kududdufi zai gani, abin da mutanen hamada za su kira ruwa don ba su san ruwa ba. Ba haka ba ne. Ruwa ne na gaske, kore mai duhu, kwance tsakanin duwatsu biyu masu tsayi, ba ya motsi. Ya san irin wannan shirun. Warin da ke tashi daga gaɓar kuwa shi ne warin tabarmarsa, ba ragi ba ƙari. Ya dafa ƙofar kamiyo.

Chaibou ya sauko da shambur.

"Aje shi," in ji Alkasum. "Ka tsaya nan bisa. Ko mi ka gani, ko mi ka ji, kada ƙafarka ta taɓa ruwan nan sai na ce."

"Kai hwa?"

Alkasum ya tuɓe bargo da riga da takalmi, ya bar wando. Ya gangara. Ruwan na da sanyi kamar yankan wuƙa, ya kama masa idon sawu, ya hau gwiwa, ya hau ƙugu. Jikinsa bai manta ba, ƙafafunsa na laluben taɓo da kansu. Da ruwa ya kai ƙirji ya tsaya ya yi bisimilla. Bai taɓa buɗe ruwa ba, amma ya ji ana yi sau ashirin, yana tsaye a gaɓa bayan ubansa.

"Lawali!" ya kira. Kakan kakansa ke nan, wanda dorina ta kife da jirginsa.

A tungarsu ƙasa shimfiɗe take, in ka kira suna sai ya bi ruwa ya tafi, ba ya dawowa. Nan ba haka ba. Dutsen da ke tsallake ya karɓi sunan ya mai da shi, Lawali, a sarari. Alkasum ya ji gashin jikinsa ya tashi. Ya san amsa-kuwwa, ba yaro ba ne. Amma muryar da ta dawo ba irin wadda ya san kansa da ita ba ce. Murya ce ta dattijo, mai kauri, ta ɗan dushe. Shekara goma sha tara yana magana ƙasa-ƙasa a kan allura, bai taɓa ɗaga murya ya ji yadda ta koma ba. Ta koma ta ubansa.

"Sule!" Dutse ya ce Sule. "Habsatu!" Gwaggonsa da ta je wanki ba ta dawo ba. Dutse ya ce Habsatu.

Saura ɗaya. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ga shi nan dab da kafaɗarsa ta hagu, inda Lukumanu yakan bi shi kullum in suna iyo. Bai juya ba. Ya cika ƙirjinsa da iska.

"Lukumanu!"

Dutse ya mai da shi da muryar tsohon, daidai yadda ya ji ta daga cikin burgu. Sai bugun gorar ya tsaya. Shiru ya sauka, irin wanda bai ji ba tun yana saurayi, har yana jin numfashinsa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Ya kamata ya juya ya fito, an gama. Amma yana tsaye sai wani abu ya faɗo masa wanda bai taɓa barin kansa ya tuna ba. A tungarsu ba nan sunayen ke ƙarewa ba. Kowace shekara, in tsohon ya shiga har ƙirji ya kira Lukumanu, akwai suna ɗaya bayansa. Sau goma sha tara an gaya wa ruwa cewa ya ci Alkasum. Ruwa kuwa ya ji, ya duba cikinsa bai gan shi ba. To me zai hana ya biyo shi har hamada, ya kwanta masa a tabarma? Ba Lukumanu ke nemansa ba, Lukumanu ba mai riƙo ba ne. Ruwa ne ke neman abin da aka ce nasa ne.

Da ya gane haka sai tsoro ya sake shi, wata irin gajiya ta maye wurin. Ya ga abin da sauƙi. Ƙasa a nan gangare take. Ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya, ruwa ya kai kafaɗa. Ya ƙara, ya kai wuya, daidai inda ya tsaya masa a cikin burgu.

"Mijin yaya!" Chaibou ne daga bisa. "Ya isa hakanan!"

Bai ji kamar da shi ake ba.

"Mai-allura! Kai, Mai-allura!"

Ruwa ya taɓa masa haɓa. Chaibou ya gangaro har bakin gaɓa, takalmansa na dab da ruwa, ga Faransanci duk ya gudu ya bar shi. Sau ɗaya ya taɓa jin sunan, ranar ɗaurin auren yayarsa, kuma ƙanen mata ba ya kama sunan mijin yayarsa gatsal. Ya kama.

"Alkasum!"

Dutse ya karɓa ya wurgo shi bisa ruwa. Alkasum. Ga ruwa har wuya, ga suna yana zuwa daga gaɓa, komai ya koma yadda yake a wancan yinin, sai dai yanzu bakinsa ya buɗe.

"Na'am!" ya ce. Ruwa ya shiga bakinsa, ya tofar, ya ɗaga haɓa ya ƙwala da duk ƙarfinsa. "Na'am, Baba! Ga ni!"

Dutse ya ce ga ni.

Ya tsaya har sautin ya mutu. Sannan ya ja ƙafarsa daga taɓo, ya yi baya, taku ɗaya, taku biyu, ya juyo ya fito. Chaibou ya tare shi da bargo ya naɗe shi, yana zaginsa yana kuka a haɗe, wai in da ya mutu me zai gaya wa Balki. Suka zauna a kan wani dutse da rana ta gasa. Haƙoran Alkasum na ta bugun juna. Iska ta taso daga wajen lambuna ta zubo ƴan fara bisa ruwa, can sai ga zobe ya buɗe, ga wani, karfasa sun fara tasowa.

"Ruwa ya buɗu," in ji Alkasum da ya sami bakin magana. "Amma daga bisa gini za ka jefa, yau da jibi duka. Wancan baƙin abin ka mai da shi inda ka ɗauko. Manyan na can gindin dutsen hagu, inda inuwa ta faɗi, ba sai ka shiga ba."

Chaibou ya ɗaga kai kawai. Ya ɗauko sanda ya miƙo bakin zaren, Alkasum ya zaɓi koren fara ɗaya ya ɗaura da ƙullin nan mai juyi huɗu.

"Yaushe kamiyonku ka zuwa kudu?"

"Bayan feti, za mu ɗauko siminti Dosso. Mi za ka yi can?"

"Daga Dosso Gaya ba nisa. Akwai wani tsoho da ka kiran suna guda da ya yi yawa."

Chaibou ba wawa ba ne, ya ji abin da aka kira a ruwa, ya ji abin da aka amsa.

"Shekara sha tara, Yaya," ya ce a hankali. "In tsohon ba shi da rai hwa?"

"To wanda ya gaje shi na nan yana kira," in ji Alkasum. Ya ja ƙullin da haƙori ya miƙa masa. "In sanyi ya hita suka buɗe ruwansu. Ina so in isa kahin a sake faɗa."